Fayil ɗin da nake tsoron taɓawa

A cikin duk abin da na rubuta na manhaja, akwai fayil guda da ba na buɗe shi sai hankalina a kwance, kuma ba na canja ko harafi ɗaya a cikinsa sai na kwana da shawarar. Gajere ne. Babu lissafi a ciki, babu abin da ke taɓa makirufo ko lasifika. Jerin sunaye ne da bayani a saman kowanne: wannan ka kira shi da kaza, zai mayar maka da kaza, kada ka kira shi a wuri kaza. Masu rubutu da yaren C sun san shi, shi ne mai ƙarewa da .h, abin da ke cikinsa kuma shi ake kira API. A kan wannan fayil na taɓa ɓatawa da aminina, kuma har yau maganar ba ta gama sauka daga zuciyata ba.

Laburaren sauti nake rubutawa, wato tarin kod da wani mai manhaja zai ɗauka ya ɗora nasa aikin a kai, ba sai ya fara daga tushe ba. Nawa ƙarami ne. Yana karɓar murya daga makirufo, ya daidaita ƙarfinta, ya miƙa ta ga lasifika nan take, a lokaci guda kuma ya matse ta ya ajiye a katin memori. Na yi shi ne don tsofaffin kwamfutocin hannu da wayoyi masu araha, irin waɗanda ke hannun jama'a a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu na masarautarmu. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san bambancin zaure da cikin gida. A ciki kana iya rushe ɗaki, ka mayar da madafi gabas, ka haƙa sabuwar rijiya, babu baƙon da zai sani. Zaure kuwa na mutane ne. Ranar da ka toshe ƙofarsa ka fasa wata ta gefe ba sanarwa, makahon da ya saba zuwa gaisuwa da bango zai yi karo. Wancan fayil shi ne zauren laburare, sauran fayilolin duk cikin gida ne.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, lasifika yake bayarwa haya. Biki, walimar sauka, wa'azi, taron siyasa, duk inda ake son murya ta yi nisa a Gumel da ƙauyukan kewaye akan neme shi. Ran Alhamis kuma sai Maigatari, ranar da kasuwa ke ci, raƙuma da shanu sun ƙetaro daga Nijar, dillalai na ta ciniki, masu riɗi da zoɓorodo na auna nasu, ga masu cigiyar yaro ko dabba suna biyan kuɗi a yi musu shela. Ni ne ɗan ɗaukar batir da naɗe waya. Yana da doka guda da ba ya sassautawa: da zarar malam ya yi bisimilla, babu mai taɓa komai. Na tuna wata rana na ga wayar amfilifaya ta ɗan saki, na ce, "Baba, bari in matse ta." Ya riƙe hannuna ya ce, "Kul. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ba ka gyara ba kafin a fara, ka bar shi sai an shafa fatiha." A lokacin tsanani na ɗauke shi. Sai da na je Kazaure, makarantar koyon kwamfuta da aka kafa zamanin Gwamna Saminu Turaki, na soma rubuta kod, daga baya sha'awa ta mayar da ni kan sauti, sannan na tarar dokarsa a rubuce cikin takardun manyan laburarorin duniya, da wani yare.

Dalilin dokar lissafi ne. Na'urar sauti ta zamani takan auna murya sau 48,000 a sakan guda. Ba ta miƙo maka awon ɗaya-ɗaya, tana tara su kashi-kashi, a ce 256 a kowane kaso. Idan ka raba, kowane kaso bai wuce milisakan 5 da ɗan ɗoriya ba, kuma milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Duk bayan wannan ɗan lokaci na'ura za ta kira wani aiki da kai ka rubuta, wanda masu sana'ar ke cewa kolbak, ta ce karɓi wannan kaso, ba ni na gaba. In ka makara ba ta jira. Lasifika za ta fitar da shiru ko ta yi ƙas, murya ta tsinke, abin da makirufo ya ɗauko a wannan gurbin kuma ya zube ke nan har abada. Hoton bidiyo in ya ɗan tsaya ido kan yafe. Kunne ba ya yafewa. A wajenmu ma abin ya fi haka nauyi, domin yawancin abin da ake ɗauka da laburarena karatu ne, tilawa da tafsiri da hadisi. Kaso ɗaya in ya zube, ƙara ce mai cin rai. Da yawa in suka zube a jere, harafi ne ya fita daga aya, kuma akwai alarammomin da kunnensu ba ya barin wannan ya wuce.

To me ke sa a makara? Duk abin da zai iya sa ka jira. Neman sabon gurbi a ma'adanar na'ura yana iya ɗaukar lokacin da ba ka sani ba. Rubutu a katin memori ma haka, ƙa'idar katin SD da kanta ta yarda rubutu guda ya kai milisakan 250, wato kaso kusan 47 sun wuce kana tsaye, balle katin bogi da aka saya a bakin tasha. Sai kuma kulle, inda layin aiki guda ke riƙe wani abu ya hana saura taɓawa sai ya gama. Idan layin sauti ya tsaya jiran kullen da wani ƙaramin layi ya riƙe, shi kuma ƙaramin an ture shi gefe saboda wasu ayyuka, to babba ya zama fursunan ƙarami. Irin wannan matsala ce ta riƙa sa kwamfutar kumbon Pathfinder, wanda Amurka ta saukar a duniyar Mars a 1997, tana kashe kanta tana tashi. Mu kuma muna da ƙarin abin da littattafan ba su cika ambata ba: zafin bazara. Waya in ta ɗau zafi a watan Afrilu sai ta rage gudun kanta don kada ta ƙone, kod ɗin da ke gamawa cikin lokaci da hunturu sai ya soma makara.

Malamina a wannan fanni, wanda ban taɓa gani ba, wani fayil ne mai suna portaudio.h. PortAudio laburare ne na kyauta da Ross Bencina ɗan Ostareliya da Phil Burk ɗan Amurka suka assasa, suka gabatar da shi a taron masana kiɗan kwamfuta na 2001, kuma a kansa Audacity ke tafiya, manhajar da kusan duk mai gyaran kaset ɗin wa'azi a Arewa ya sani. Na karanta fayil ɗin nan kamar yadda ake bitar darasi. Yaren C ba shi da hanyar raba sunayen wani da na wani, duk a fili guda suke haɗuwa, saboda haka kowane kira na jama'a a PortAudio da Pa_ yake farawa: Pa_Initialize, Pa_OpenStream, Pa_StartStream, Pa_CloseStream. Nau'o'i da Pa suke farawa ba ɗan layin ƙasa, kamar PaError. Tsayayyun ƙimomi kuma da ƙaramin harafi, kamar paNoError da paContinue. Kayan cikin gida nasu sunan daban, PaUtil. Kallo ɗaya za ka yi wa suna ka san ko naka ne ko ba naka ba. ALSA ta Linux da snd_ take farawa, JACK da jack_, Opus da opus_. Ba ado ba ne, hanya ce ta hana laburare biyu faɗa a kan suna guda a cikin manhajar wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne PaStream. Idan ka buɗe magudanar sauti, abin da za a miƙo maka madafa ce kawai, ba ka ganin abin da ke ciki, ba ka iya sa hannu. Komai za ka yi sai ta hanyar kiran da aka tanada. Da farko na ga kamar rowa ce. Daga baya na gane cewa wannan rufi shi ne ya ba su damar sauya ciki shekara da shekaru, a kan Windows da Mac da Linux, ba tare da manhajar kowa ta karye ba. Sannan ga bambancin Pa_StopStream da Pa_AbortStream: na farko yana jira sautin da ya rage a hanya ya gama fita, na biyu yanke take yake yi. Mutum zai ce ai tsayawa tsayawa ce. Wanda ya taɓa sauraron kaset ɗin da aka datse addu'ar rufewa kafin jama'a su ce amin ya san ba ɗaya ba ne, kuma ya san dalilin da ya sa kowanne ke bukatar sunansa.

Daga nan na ɗebo nawa ƙa'idojin, na ƙara abin da zama a nan ya koya mini. A saman kowane kira akwai layi guda da ba ya taɓa rashi, wanda ke cewa ko ya halatta a kira shi daga cikin kolbak ko bai halatta ba. Takardun JACK sun jero abubuwan da aka hana a can, neman ma'adana da buga saƙo da kulle da barci, na PortAudio kuma sun hana kiran kusan duk ayyukan laburaren daga ciki, in ban da wanda ke auna nauyin da ke kan na'ura. Ni sai na mayar da shi kan kowane suna, don kada wani ya ce bai ga shafin ba. Duk gurbin da za a bukata, a wajen buɗewa ake nemansa, kafin sauti ya soma gudu. Kowace lamba tana ɗauke da ma'auninta a cikin sunanta, ko sakan ce, ko firam, ko bayit, domin a sauti mai hanya biyu firam guda awo biyu ne, kuma wanda ya rikita su zai ji murya na gudu ko lasifika na kururuwa. Kowane kira yana mayar da lambar sakamako, sifili lafiya, ƙasa da sifili matsala, da wani kira daban mai fassara lambar zuwa magana, kamar yadda Pa_GetErrorText ke yi. Laburaren ba ya buga komai a allo, ba ya kashe manhajar kowa. Kuma yana ƙirga duk firam ɗin da ya zubar, ya ajiye adadin inda mai manhaja zai gani. Wannan na ƙarshe na fi riƙe shi da muhimmanci. Laburaren da ya zubar da sauti ya yi shiru ya ci amanar wanda ya zauna awa guda yana ɗaukar karatu.

Bayanin kuwa da Hausa nake rubuta shi. Sunayen na bar su da haruffan da kowace kwamfuta ke karɓa, amma abin da ke samansu Hausa ne, tun kafin in san wanda zai amfana.

Aminina, wanda muka tashi unguwa ɗaya, shi ya fara ɗora manhaja a kan laburaren, ta ɗaukar tafsiri. A 2020, shekarar korona, aka taƙaita taruka, azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Malamai da dama suka koma karantarwa a gida, a ɗauka a rarraba. Aiki ya buɗe masa irin wanda bai taɓa samu ba. Sai dai laburarena da Opus yake matse murya, tsarin da aka tabbatar a 2012, wanda saƙon murya na WhatsApp ke amfani da shi. Dalilina a fili yake: karatun awa guda ɗanye, awo 48,000 a sakan, ya haura megabayit 345, amma da Opus a kan kilobit 16 bai wuce megabayit 7 da kaɗan ba, abin da mai ɗan data zai iya turawa. Matsalar ita ce masu sauraronsa na ƙauye, dattawa da matan aure a ƙasar Gagarawa da Danzomo, ƙananan wayoyi masu madannai gare su, waɗanda MP3 suka sani. Wajen masu tura karatu da waƙoƙi a kasuwa suke kai katinsu a zuba musu. Bukatarsa gaskiya ce, ba ni da ja a kai ko a lokacin.

Abu biyu ya nema. In ƙara gurbi guda a kiran buɗewa, inda zai faɗi irin matsin da yake so. Sannan in bar shi ya kira LAME, mai matse MP3, ya rubuta a kati kai tsaye daga cikin kolbak, tunda ya gwada a wayarsa ya ga yana tafiya. Aikin yini guda ne. Na ce a'a ga duka biyun. Na ce zan yi masa sabon kira kusa da tsohon, tsohon ya zauna yadda yake, sannan in buɗe masa mafita ta biyu: kolbak ya riƙa zuba sauti a ma'aji mai zagaye, wanda mai zubawa ɗaya ne mai ɗiba ɗaya ba kulle a tsakaninsu, wani layin aiki daban kuma ya riƙa ɗiba yana matsewa yana rubutawa a natse. Ma'ajin sakan biyu bai kai kilobayit 200 ba, kuma ya isa ya shanye duk jinkirin kati. Amma wannan sai an gwada shi a wayoyi iri-iri, cikin zafi, da kati mai kyau da marar kyau, ga wata ya kusa tsayawa.

Ya dube ni ya ce, "Haba malam, ni da kai ne fa kaɗai muke amfani da abin nan. Wa kake jin tsoro?" Na ce ban san ko mu kaɗai ba ne. Ya ce, "To ni da ka sani, ga ni a gabanka." Ban sami amsar da zan ba shi ba, kuma har yau ba ni da wadda ta fi ta wancan dare.

Abin da nake gani, wanda na kasa sa shi ya gani, shi ne yadda kod ke yawo a ƙasarmu. A inda intanet ya wadata, laburare na da rumbu guda, kowa daga can yake ɗauka, in an canja abu lambar fitowa ta nuna, manhaja ta ƙi haɗuwa, mai ita ya gyara. A nan ta Xender da filashi da katin memori abu ke tafiya, hannu zuwa hannu. Na ba ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gumel, su ma sun ba wasu. Ba ni da rajistar kowa. Kuma na san abin da mutanenmu ke yi in sun ji an fitar da gyara: su karɓo haɗaɗɗen fayil ɗin laburaren su ɗora a kan tsohon, ba tare da sun sake haɗa manhajarsu ba. Yaren C ba ya bincika wannan. Tsohuwar manhaja za ta miƙa abu uku, sabon laburare ya ɗauki na huɗu daga duk tarkacen da ya tarar a wurin. In an yi sa'a manhaja ta mutu nan take. In ba a yi ba, ta yi kamar tana aiki, ta fitar da ƙara a lasifikar masallaci, ko ta ajiye fayil ɗin da ba ya buɗuwa, sai bayan an tashi a gane. Wani injiniya da ya yi aiki a Google, Hyrum Wright, ya shahara da lura cewa idan masu amfani da API suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tasa da ake iya gani sai an sami wanda ya dogara da ita, ko an yi alƙawarinta ko ba a yi ba. PortAudio ma ba su tsira ba, ma'ajinsu mai zagaye ba ya cikin portaudio.h, amma mutane da yawa sun kwafe shi suna aiki da shi. In haka ne ga abin da ba a yi alƙawari ba, ina ga wanda na rubuta da hannuna na ce ga yadda za a kira shi? Alƙawari kaya ne, ko da ba ka san fuskar wanda ka ɗaukar wa ba.

Azumi ya kama ban gama ba. Kwanakin farko da Opus ya riƙa ɗauka, bayan tarawi ya zauna yana juya fayiloli zuwa MP3 da hannu har sahur, a kan kwamfutar da batirinta ba ya riƙe caji. Wasu malaman da suka yi magana da shi suka gaji da jira suka koma wajen wani. Kuɗi ne ya rasa, a shekarar da kowa ke cikin matsi, yana da iyali. Da na kai masa sabon kiran ya karɓa, ya yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Muka daɗe gaisuwa kawai ke haɗa mu.

A wannan tsakanin ne saƙon murya ya shigo mini daga lambar Nijar. Iyaka a rufe take tun Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe ta Maigatari tare da ta Illela da Seme da Mfun. Wani matashi ne a Damagaram, karatunsa na boko da Faransanci ya yi, Turanci kaɗan yake ji. Laburaren ya iske shi ta hannun wani ɗan kasuwa da ke zuwa Maigatari kafin a rufe. Ya ɗora masa manhajar da ɗaliban wata makarantar allo ke amfani da ita, malam ya karanta, yaro ya maimaita, ya ji muryarsa kusa da ta malam. Ya ce, "Yaya, bayanin da ka sa da Hausa shi ya ɗauke ni, ban taɓa tambayar kowa ba." Tambayarsa guda ce: in yaro ya fizge abin kunne ana tsakiyar karatu, manhaja sai ta daskare. Na san ciwon. AAudio, hanyar sauti da Google ta shigo da ita a Android 8 a 2017, takan sanar da kai cewa an cire na'ura, amma ba a yarda ka rufe magudanar daga inda sanarwar ta same ka ba, sai daga wani layin aiki. Na gyara daga ciki, na tura masa. Ya ɗora sabon a kan tsohon kamar yadda na zata, komai ya ci gaba da tafiya, domin babu abin da ya motsa a fayil ɗin da ya dogara da shi.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ban kai wa aminina labarin da sunan hujja ba, kuma ba na son mai karatu ya ɗauke shi haka. Matashin Damagaram bai biya masa asararsa ba. Da babu shi ma, matsayina ɗaya ne, domin ban san da shi ba lokacin da na ƙi. Na zaɓi mutanen da ban sani ba a kan wanda muka ci tuwo a kwano guda, kuma in aka maimaita haka zan sake yi. Sai dai wanda ya ce irin wannan zaɓi ba ya ciwo bai yi shi ba. Littattafan sana'armu suna maganar kiyaye daidaito da tsofaffin manhajoji kamar lissafi ne zalla. Ba su faɗin cewa wani lokaci mutum ne mai rai zai biya kuɗinsa, kuma ba lalle kai ba ne.

Akwai kuma ɗan nauyin da ni nake ɗauka kullum. Fayil ɗin yanzu yana da kiran buɗewa biyu, tsoho da sabo, kuma duk mai koyo sai ya tambaye ni dalili. Sabon ba jerin abubuwa yake karɓa ba, ƙunshi guda yake karɓa, wanda gurbinsa na farko ke faɗin girmansa, dabarar da Windows ta daɗe tana amfani da ita, don in an ƙara wani abu gobe laburare ya gane mai tsohon ƙunshi ya yi masa abin da ya saba. Akwai sunayen da yanzu da zan sake da ba haka zan sa su ba, amma suna nan daram. Ƙa'idar lambar fitowa mai gida uku nake bi, ta ƙarshe don gyara, ta tsakiya don ƙari, ta farko kuma ba ta motsi sai an karya wani abu da gangan an sanar. PortAudio sun taɓa yin irin wannan karya tsakanin V18 da V19, suka sauya yadda ake buɗe magudana, amma sun yi ta a fili da sabuwar lamba. Tawa ta farko har yanzu 1 ce.

Wata ƙanwata da nake koya wa aikin, mai kaifin basira ce ƙwarai, ta matsa mini a kan OpenSL ES, tsohuwar hanyar sauti ta Android da Google ta daina ƙarfafa amfani da ita. Ta ce, "Yaya, mu cire ta mana, rabin wahalarmu daga nan take." Gaskiyarta ne. Amma wayar da ba ta kai Android 8 ba ba ta san AAudio ba, kuma irinsu suna nan a hannun malaman makarantun dare a ƙasar Sule Tankarkar, ana caja su da sola, ba ranar da za a canja su. Oboe, laburaren da Google ta fitar don wannan matsala, haka yake yi, ya bi sabuwar hanya in akwai, ya koma tsohuwa in babu, mai manhaja bai ma sani ba. Na ce mata cikin gida nata ne, ta rushe abin da ta ga dama, ta ware tsohuwar hanyar a fayil ɗinta daban don kada ta dame mu. Abin da ban yarda ba shi ne mai tsohuwar waya ya kira abin da ya saba kira a ce masa babu.

Ni da aminina mun shirya a wajen wata ta'aziyya, ba tare da an tayar da tsohuwar magana ba. Yanzu duk canjin da zai shiga wancan fayil sai ya bi ta hannunsa kafin ya fita, domin shi ya fi ni sanin abin da masu ɗaukar karatu ke fama da shi, kuma ba ya jin nauyin ce mini suna kaza bai yi ba. Abin da ke gabanmu makirufo biyu ne. A zaman tafsiri akwai mai jan baƙi akwai malam, muryoyinsu ba ƙarfi ɗaya ba, wurin zamansu ma daban, kuma yana son kowanne ya shigo ta hanyarsa a daidaita shi shi kaɗai. Laburarena tun tushe mashiga guda ya sani, kolbak ɗinsa kaso guda yake miƙawa. Mun yarda ba za a taɓa wannan ba, sabon nau'in kolbak za a yi kusa da shi, mai karɓar mashigai da yawa da adadinsu. Ba mu daidaita a kan suna ba tukuna, ba mu kuma gama shawarar abin da zai faru ba idan makirufo ɗaya ya cire ɗaya na aiki, ko a tsaya gaba ɗaya ko a ci gaba da wanda ya rage a ɗaga tuta. Shi yana son a ci gaba, ni ina tsoron a ɗauki tafsiri babu ayar da ake fassarawa. Yana so a gama kafin azumi mai zuwa. Na gaya masa tun yanzu cewa in Sha'aban ya shiga ba a gama gwaji a wayoyi masu zafi ba, sai bayan salla, ya ce ya ji, amma in fara da wuri.